Amosani, ƙyasbi da makero: amsoshin wasiƙunku kan shamfu mai magani

Wasiƙun da suka taru mini a wannan karon kusan duk a kan kwalba ɗaya suke: shamfun nan mai magani da ake wanke kai da shi. Na zaɓi guda biyar, na rage tsawon wasu, na kuma cire sunaye kamar yadda muka saba.

Malama, barka da aiki. Shekara 3 ke nan ina fama da amosani. In na sa riga mai duhu, kafin rana ta yi tsaka kafaɗuna sun yi fari kamar an barbaɗa gari. An ce in nemi shamfu mai ketokonazol, na nema, har kwalba biyu na ƙarar. Yakan ɗan lafa, sai ya dawo. Yanzu man zaitun nake shafa wa fatar kan kowane dare, don an ce bushewa ce. Ko dai jabu na samu? — Wata ɗaliba

Ƙanwata, kafin mu ɗora wa kwalba laifi, bari in tambaye ki: minti nawa kumfar ke yi a kanki kafin ki ɗauraye? Na san amsar, domin ni ma na yi. Shekarun baya amosani ya taso mini sosai, har ina jin kunyar sunkuyar da kai gaban mutane a wurin aiki. Ni da nake miƙa wa wasu wannan kwalba ina yi musu bayani, da ta zo kaina sai na riƙa zubawa, in cuɗa, in kwara ruwa, duka cikin rabin minti, don kullum a makare nake. Na yi wata guda a haka ina ƙorafin maganin ba ya ci. Ranar da na ajiye waya a bakin taga na saita minti 5, sai na gane cewa minti 5 a banɗaki da kumfa a ka ba ƙaramin zama ba ne. Ashe ban taɓa kai ko minti ɗaya ba. Magani nake saya ina zubar da shi a rariya.

Abin da ke faruwa a kanki shi ne, akwai wata 'yar ƙwayar fangas, dangin yis da funfuna, da ke zaune a fatar kowane baligi, mai amosani da marar shi. Sunanta Malaseziya, an raɗa mata shi ne daga sunan wani Bafaranshe, Malassez, wanda ya hango ta a cikin ɓawon amosani a 1874. Abincinta maiƙon da fata ke fitarwa. Idan ta ci, sai ta bar ragowar wasu sinadaran maiƙo a kan fatar. Wasu mutanen fatarsu ba ta ko kula. Wasu kuwa, irina da ke, fatar sai ta harzuƙa, ta shiga sauya kanta da gaggawa. Aikin da ya kamata ya ɗauki kusan wata guda, fata tana zubar da tsohon samanta a hankali ba tare da ido ya gani ba, sai ya koma na 'yan kwanaki. Ƙwayoyin fatar su fito ɗanyu, manne da juna, ɓawo-ɓawo. Shi ne garin da kike kakkaɓewa. Saboda haka ba ƙazanta ba ce, ba kuma a ɗaukarsa daga wurin wani. Kusan rabin manyan mutanen duniya sukan gamu da shi, kuma yawanci daga balaga yake farawa, lokacin da fata ta soma fitar da maiƙo sosai.

Kin ga ke nan inda man zaitun ya shigo. Kina kashe ƙwayar da safe, da dare kuma ki kai mata tuwo har ɗaki. Man zaitun da galibin man da ake tatsa daga tsirrai suna ɗauke da irin maiƙon da take so. Ɓawon yakan kwanta ya daina zuba na kwana ɗaya ko biyu, sai mutum ya zaci sauƙi ne, alhali mannewa ya yi. Idan gashinki na son mai, ki shafa wa gashin daga tsakiyarsa zuwa baki, ki bar fatar ta huta.

Shi ketokonazol, wanda wani kamfanin magani na ƙasar Beljiyam ya samar a 1976, aikinsa hana ƙwayar ƙera wani sinadari da take gina bangon jikinta da shi. In babu shi bangon sai ya riƙa yoyo, ta kasa hayayyafa. Amma sai ya ratsa ɓawon ya isa gare ta, kuma wannan ratsawar ce ke son lokaci. Ki jiƙa kai, ki tsaga gashin layi-layi, ki sa shamfun a kan fatar kanta, ki murza da tsokar yatsu, ba da farce ba. Kada ki manta bayan kunne da ƙeya. Sai ki bar shi minti 3 zuwa 5. Dabarata ita ce in fara da kai, in yi sauran wankana, har da goge haƙora, sannan ɗaurayar kai ta zo ƙarshe. Mai ƙarfin kashi 2 cikin 100 ana yinsa sau biyu a mako, na tsawon mako 2 zuwa 4. Ba sai kullum ba, domin yana maƙalewa a fata da gashi ya ci gaba da aiki na kwanaki.

Maganar dawowa kuwa, gara in faɗa miki gaskiya: zai dawo duk lokacin da kika daina gaba ɗaya. Ƙwayar 'yar gida ce, ba a korarta har abada, rage mata yawa ake yi. Bayan kan ya washe, ki ci gaba da wankin sau ɗaya a mako ko a mako biyu. Ni yanzu duk ranar hutun ƙarshen mako nake yi, kuma na fi shekara ban kakkaɓe kafaɗa ba.

Abu ɗaya da ba a cika faɗa ba: waɗannan shamfu suna busar da gashi, musamman gashi mai murɗe ko wanda aka sa wa man miƙarwa. Mai irin wannan gashi, wadda wanki biyu a mako zai karya mata shi, ta yi sau ɗaya amma ta cika mintocin, ta tsaya a kan fata, sannan ta bi gashin da man laushi bayan ɗauraya.

Idan kin cika mako 4 kina yin daidai ba canji, ki sauya zuwa mai seleniyam salfaid ko mai siklofiroks. In ɓawon ya yi kauri, mai sinadarin salisilik yana taimakawa wajen ɓanɓaro shi. Amma in kin ga ɓawon fari ne fat mai kauri, ya wuce iyakar gashi ya sauko goshi, ga kuma irinsa a gwiwar hannu ko ta ƙafa, to wata cuta ce daban da ake kira soriyasis, sai likitan fata.

Malama, ƙyasbi ne ya cika mini baya da ƙirji har ya hau wuya. Mai ba da magani ya ce in riƙa shafa shamfun ketokonazol a jiki na kwana 5. Na yi, yau mako 3, amma fararen tabon suna nan yadda suke. In ƙara wasu kwana biyar ɗin ne, ko in nemi mai ƙarfi? — Wani matashi mai aikin ƙarfi

Malam, akwai yiwuwar maganin ya riga ya gama aikinsa, kai ne ba ka sani ba. Ƙyasbi da amosani 'yan ɗaki ɗaya ne, ƙwayar Malaseziyar nan ce dai, sai dai a nan zafi da gumi ne suka ba ta dama ta bazu a jiki. Tana zaune tana fitar da wani sinadari da ke dakatar da ƙwayoyin da ke ba fata launi. Ko ta mutu yau, launin ba zai dawo gobe ba. Yakan ɗauki makonni, sau da yawa watanni, kafin wurin ya saje da sauran jiki. Mutane da yawa a nan suke ɓata fatarsu, suna ta ƙara magani a kan tabon da ba komai a cikinsa.

Ga yadda za ka gane. Ka tsaya inda haske yake, ka sa yatsu biyu ka ja fatar wurin tabon gefe da gefe, ko ka ɗan karce ta a hankali da bakin farce. Idan ƙwayar na da rai, za ka ga wani siririn gari ya taso, kamar dusa mai laushi. Idan wurin sumul yake, babu garin, kuma tabon bai ƙara faɗi ba, sababbi ba su fito ba, to ka ajiye kwalbar ka yi haƙuri.

In ka ga garin, sai ka maimaita, amma ka duba yadda ka yi na farko. Ba tabon kaɗai ake bi ana ɗiga wa ba, domin ƙwayar ta wuce inda ido ke gani. Daga wuya har ƙugu, gaba da baya, da damatsa, duk a shafe, har da fatar kai, don can ce ma'ajiyarta. Bayan kuwa sai ka samu mai taya ka, hannu ba ya kaiwa tsakiyar allon kafaɗa. A bar shi minti 5 a ɗauraye, sau ɗaya a rana, kwana 5. Mai seleniyam salfaid na kashi 2.5 shi ma yana yi, minti 10 kullum na kwana 7, sai dai yana da warin farar wuta, yana dusashe zobe da sarƙa in ba a cire ba, kuma ba a sa shi a kan rauni ko al'aura.

Tunda aikinka na gumi ne, ka sa ran zai so komowa duk lokacin zafi. Wanka da shamfun sau ɗaya ko biyu a wata a irin wannan lokaci yana tare shi, haka ma cire jiƙaƙƙiyar riga da zarar an tashi aiki.

Gargaɗi ɗaya, kuma ba don in tsorata ka ba. Ba kowane farin tabo ne ƙyasbi ba. Ka ɗauki ɗan zaren auduga, ka rufe ido, wani ya taɓa tabon da shi. Tabon da ba ya jin taɓi, ko ba ya gumi, ko gashin wurin ya zube, yana iya zama farkon kuturta, wadda ake warkewa sarai in an fara magani da wuri. Wanda kuma ya yi fari tas kamar madara, ba gari, yawanci a yatsu ko gefen baki da ido, shi ma ba aikin shamfu ba ne.

Anti, ɗana mai shekara 6 makero ya fito masa a ka, wuri biyu, gashin ya gutsuttsure. Mako 3 ina wanke masa da Nizoral, shamfun nan mai ketokonazol, ina kuma shafa man fangas. Maimakon ya ragu, ɗayan ya kumbura ya yi taushi yana fitar da ruwa, ƙanwarsa ma ta fara susa. Me na yi ba daidai ba? — Maman yara biyu

'Yar'uwa, ba ki yi sakaci ba, maganin ne ba ya isa inda cutar take. Ki kai shi asibiti a wannan makon, ki tafi da ƙanwar.

Makero wani fangas ne daban da na amosani. Shi ba maiƙo yake ci ba, ainihin abin da aka gina gashi da farce da saman fata da shi yake ci. A jiki yana tsayawa a sama, ya yi zobe mai tudun baki, man shafawa ya kashe shi cikin 'yan makonni. Amma a ka, sai ya bi ramin gashi ya gangara ƙasa, ya shige cikin silin gashin kansa. Shi ya sa gashin ke karyewa daga gindi, har ki ga wasu baƙaƙen ɗigo-ɗigo a wurin da ya yi sanƙo. Kumfa ba ta shiga can, ko awa nawa ta yi. Dole maganin ya biyo ta jini, ya shiga sabon gashin da ke tsirowa daga ƙasa. Likita zai ba da giriseyofulbin, wanda ake sha mako 6 zuwa 8 tare da abinci mai ɗan maiƙo don ya shiga jiki sosai, ko tarbinafin, wanda yawanci mako 4 ne. Nauyin yaro ake aunawa a yanka adadin, saboda haka kada ki karɓi ragowar na ɗan wani. Kuma ki cika kwanakin. A mako na uku wurin zai yi kyau, yaron zai fara tirjiya, ke ma za ki gaji da bin sa da cokali. Nan ne yawancin iyaye ke tsayawa, bayan wata guda su dawo da abu jiya i yau.

Kumburin nan mai taushi da kika gani ba maruru ba ne, kodayake ya yi kama. Jikin yaron ne ke yaƙi da fangas ɗin da ƙarfi. Kada a matse, kada a tsaga. Na taɓa ganin wanda aka yi wa tsaga ana neman mugunya, ba a samu komai ba sai tabo. Shi ne kuma dalilin da na ce kada ki jinkirta, domin idan ya daɗe yana iya kashe gindin gashin, wurin ya zauna ba gashi har girma.

Kada ki jefar da shamfun, yana da aikinsa. Wanki sau biyu a mako, minti 5, yana rage ƙwayoyin fangas ɗin da ke zuba daga kan yaron zuwa matashi da hannun 'yan'uwansa. Sauran mutanen gidan ma su yi amfani da shi na 'yan makonni, don wani yana ɗauke da shi ba tare da alama ba. Matajin kai, hula, tawul da rigar matashi, kowa da nasa, a wanke su da ruwan zafi. Injin aski shi ne babban dillali: a samo wa yaron nasa, ko a tabbatar an tsabtace shi sosai. Idan kuna da kyanwa ko kare mai facin da gashi ya zube, a kai shi wurin likitan dabbobi, in ba haka ba ana maganin yara shi yana sake rabawa. Ba sai an aske kan tal ba, kuma da zarar ya fara shan magani zai iya komawa makaranta.

Malama, na ji akwai ketokonazol na haɗiya. Ba zai fi sauri ba in sha ƙwayar kawai in huta da wannan jiran? Kuma akwai wani man shafawa da ke ɗauke mini ƙaiƙayin matsematsi cikin dare ɗaya, amma da na daina sai ya dawo ya fi da faɗi. — Wani magidanci

A'a, Malam, kada ka sha. Ƙwayar ketokonazol tana iya yi wa hanta mummunar illa, har ta kai ga dashen hanta ko rasa rai. A 2013 hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta ba da shawarar a dakatar da ita a matsayin maganin fangas, ta Amurka kuma ta taƙaita ta ga manyan cututtukan cikin jiki da ba su da wani magani, ta ce kada a ba da ita don fata ko farce. Shamfun bai shiga wannan hukunci ba, domin abin da ke ratsa fata ya kai jini bai taka kara ya karya ba. Ba a sayar da hanta don a fanshi minti biyar.

Man naka kuwa, ka juya kwalin ka karanta. Na kusa rantsewa za ka ga sunan da ke farawa da "beta" ko "clobe" a cikin haɗin. Siteroyid ne. Yana kashe ƙaiƙayi da ja nan take, amma yana kwantar da garkuwar fatar, sai fangas ya samu fili ya bazu, zoben ya ɓace, har likita ya sha wuyar gane shi. Ga shi yana sirantar da fatar matsematsi ya bar nankarwa. A Indiya, inda aka daɗe ana shafa irin wannan haɗi barkatai, har wani sabon nau'in fangas ya ɓullo wanda sau da yawa tarbinafin ba ya yi masa komai, kuma ya riga ya tsallaka wasu ƙasashe. Ka je a duba ka, ka tafi da bututun man a nuna wa likita, a ba ka maganin fangas zalla. Ka ci gaba da shafawa mako ɗaya ko biyu bayan wurin ya washe, ka riƙa busar da shi sosai bayan wanka, ka kuma duba tsakanin yatsun ƙafarka, don sau da yawa daga can yake hawowa.

Anti, jaririyata mai wata 2 tana da wani ɓawo rawaya mai maiƙo a maɗiga. In wanke mata da shamfuna na amosani? — Sabuwar uwa

A'a, ƙanwata, ki bar naki a inda yake. Wannan ɓawon yana yawan fito wa jarirai a watannin farko, ba ya yi musu ƙaiƙayi ko ciwo, kuma yawanci da kansa yake tafiya kafin su cika shekara. Ki shafa ɗan basilin ya jiƙa shi, bayan wani lokaci ki wanke da shamfun jarirai, ki goge a hankali da burushi mai laushi. Abin da ya fita ya fita, wanda ya ƙi ki bar shi sai wani wankan. Kada farcenki ya kai wurin, duk da na san hannu yana ƙaiƙayin ɓanɓarowa. Idan ya yi ja, ko yana tsatsafo da ruwa, ko ya bazu zuwa fuska da wuya da hammata, ko kin ga tana susa tana kuka, ki kai ta a gani. Likita ne zai ce ko tana bukatar mai magani, da kuma wane iri.